Ta ina zan fara in ina so yara su tsara labarin gargaɗi da kansu?

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ƙara basira. Kin ce kina riƙe da ajin CM1, wato aji biyar na firamare, a nan cikin Maradi, kina so yaranki su ƙirƙiro labarin kasada nasu na kansu, irin wanda yaro zai ƙi jin magana ya faɗa cikin wahala, amma duk sanda kika ba su aikin sai ɗayan biyu: ko su kwaso miki Gizo da Ƙoƙi yadda kakarsu ta ba su, ko su rubuto layi huɗu, yaro ya ƙi jin maganar uwarsa, ya tafi daji, kura ta cinye shi, shi ke nan. Kina tambaya ta ina za ki ɓullo wa abin.

To ni na haura shekara ashirin da alli a hannu, galibi CM1 da CM2, kuma layi huɗun nan na sha karɓarsu a kaye, wato littafin rubutun yara. Yaran ba su da laifi. Mu ne muke miƙa masu ƙarshen labari tun ba a fara ba, mu ce ku rubuta labarin da zai nuna illar ƙin jin maganar iyaye, to yaro ya riga ya ji abin da madam ke so, mi zai wahalar da kansa, sai ya kashe jarumin a layi na huɗu ya rufe da wanda bai ji bari ba zai ji hoho, ya kawo miki. Abin da ya ɓace a ciki shi ne dalili. Mi ya kai yaron can? Duk ranar da ɗalibinki ya iya amsa wannan tambayar da gaske, ya sami labari, kuma gargaɗin zai shige shi fiye da wanda kika rubuta a tablo, don shi ya gano shi da kansa.

Ranar farko kada ki bari kowa ya taɓa bik. Ni fita nake da su ƙarƙashin dogon yaro, in ɗauki kara in zana gari a ƙasa, in ce wa zai nuna mini gidansu, ina lakwal, ina babbar kasuwa, ina tasha. Daga nan sai in tambaye su: ina ne aka hana ku zuwa? Wallahi nan za ki ga aji ya tashi, wanda bai taɓa ɗaga hannu ba tun Oktoba sai ki ji muryarsa. Kududdufin da ake haƙar ƙasar tubali, kwaltar da ta nufi Ɗan Isa inda manyan motoci ke wucewa, tsohuwar rijiya a kangon gida, hawa bayan amalanke tana tafiya, bin kabu-kabun da ba ka sani ba don ya ce zai kai ka, garkar mutane lokacin mangwaro, sannan uwa uba gulbi. Kowane wuri a aza masa tsakuwa. Kada ki gyara masu, kada ki ce subhanallahi kai kana zuwa can, in kika yi haka sau ɗaya sun kulle baki ke nan har a tashi.

Kin lura babu kura a ciki, babu dodo. Yaron Bagalam ko Zariya ko Ali Ɗan Sofo bai taɓa gamuwa da kura a hanyar aike ba, amma kududdufi kullum yana gabansa. Ban raina tatsuniya ba, da ita aka raine mu, kuma ita ce ta koya wa yaranki yadda ake jan labari da yadda ake sa waƙa a tsakiya, ki bar masu ga ta nan ga ta nanku su buɗe da ita in suna so. Sai dai Gizo ba ya nutsewa ya mutu, ko mi ya same shi gobe ma zai dawo da sabuwar dabara, yaro ya san da haka, don haka ba ya ganin kansa a jikin Gizo. Akwai wani bincike da Patricia Ganea da abokan aikinta suka yi a Toronto ta Kanada, ya fito a 2017, sun karanta wa yara ƴan shekara 4 zuwa 6 labari kan rabon abu da wasu, wasu an karanta masu da hotunan mutane wasu da dabbobi masu sa riga suna magana, waɗanda suka ji na mutane su ne suka ƙara kyauta bayan labarin. Shi ya sa nake cewa jarumi ya zama yaro sa'ansu, mai suna irin namu, mai uwa da ƙane da takalmin roba.

Yanzu ga inda aikin yake, kuma nan nake so ki daɗe, ko da zai ci maki kwana biyu. Kowane rukuni, ni mutum biyar biyar nake haɗa su don ajin yakan yi yawa, su zaɓi tsakuwa ɗaya, su raɗa wa jaruminsu suna, sai ki zagaya kina yi masu tambaya guda: mi ya sa ya tafi alhali ya san an hana shi? Amsar farko kullum ita ce don ba ya jin magana. Kada ki karɓa. Ki ce to na ji, amma ranar nan mi ya faru? Bari in ba ki misalin wani rukuni da na taɓa yi da su. Jaruminsu Iro, wurinsu gulbi. Na ce mi Iro ya je yi gulbi, suka ce wanka. Na ce ku duka kuna son wanka, mi ya sa shi ya tafi ku ba ku tafi ba, suka yi shiru, can sai wani ɗan siriri da ke zama a baya ya ce malam, akuya ce ta ɓace. Na ce akuyar wa? Ya ce ta innarsa, jar akuya, da ita za a yi sunan ƙanwarsa. Wa ya bari ta kwance? Iro ne, an ce ya ɗaure ta ya tafi kallon ƙwallo. To ka ji labari. Yanzu Iro ba shaiɗanin yaro ba ne, yaro ne da ya yi ƙaramin laifi yana tsoron bulala, ya ga sawun akuya ya gangara cikin gulbi ya haye zuwa garkunan tsallake, yana so ya dawo da ita kafin magariba kada kowa ya sani. Kowane yaro a ajin ya taɓa shiga irin wannan halin, har ni mai koyarwa. Mafi yawan yaran da ke faɗawa haɗari ba rashin kunya ke kai su ba, tsoron faɗa ne, ko kunyar abokai kada a ce masa matsoraci, ko kwaɗayin dala biyar, ko son ya burge, kuma idan ɗalibi ya tona wannan a jikin Iro to ya tona shi a jikin kansa.

Sai mai gargaɗi. Su zaɓi wanda ya hana, kuma su sa kalmominsa a baki yadda ya faɗa, ba kawai an hana shi ba. Nan nake ba su aikin gida mafi daɗi: kowa ya je ya tambayi tsoho ko tsohuwa a gidansu mi ya sa aka hana wurin nan. Rukunin Iro suka dawo da maganar wata kaka, in ka ga kudu ta yi baƙi kada ka taka gulbi ko da ƙura ce ke tashi a cikinsa. Kuma tsohuwar tana da gaskiya, ilimi ne tsantsa. Gulbin Maradi ba a nan yake farawa ba, daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya biyo ta Jibiya inda akwai dam, ya shigo Nijar ta wajen Madarunfa, ya wuce mu ya wuce Tibiri ya sake komawa Najeriya. Saboda haka ana iya tafka ruwa can kudu mu nan ko ɗigo ba mu gani ba, yashi a bushe rana tana dukan kai, sai ga ruwa ya taho ja da laka da kara da itace. Wasu yaran ma sukan dawo da labarin ambaliyar 1945, wadda ta sa aka tashi garin daga cikin fadama aka hau tudu, kin ga ga tarihi da ilimin ƙasa sun shigo darasin ba ki ma gayyace su ba.

Ina matsawa sosai kan cewa haɗarin ya zama gaskiya yadda yake faruwa. In yaro ya rubuta Iro yana ta ihu cikin ruwa minti goma yana kiran innarsa, ki gyara masa, don wanda ke nutsewa yawanci ba ya samun numfashin da zai yi ihu, a shiru abin ke faruwa kuma cikin ɗan lokaci. Kududdufin tubali bakinsa kamar ba zurfi, taki biyu sai rami don haƙa aka yi, ga laka mai santsi. Ruwan da ke gudu ko iya gwiwa ne yana kayar da yaro, gaɓar yashi kuma tana zaftarewa da mutum. Wanda ya tsira ma akwai tsargiya, fitsarin jinin nan da ake kwasa a ruwan kwance inda ƙananan dodon koɗi suke. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta mutum wajen 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne ƴan ƙasa da shekara 5, wato ƙannen ɗalibanki, waɗanda ake goya masu ana cewa ki kula da shi. Ba sai kin karanta masu lissafin ba, ke dai ki sani don ki san abin da kike yi ba wasa ba ne.

Daga nan sai dabarar da ta fi yi mini aiki, ina ce mata mararraba uku. Tsakanin gida da wurin haɗari a zanen nan na ƙasa, su aza tsakuwa uku, kowace ɗaya wuri ne da jarumi zai iya juyawa ya koma gida lafiya. A kowace su amsa abu biyu, mi ya gani ko ya ji da ya kamata ya sa shi juyawa, mi kuma ya gaya wa ransa ya ci gaba. Na Iro, ta farko ya haɗu da mai amalanke ya fito daga garka yana sauri ya ce yaro ina za ka hadari ya haɗu kudu, Iro ya ce yanzun nan zan dawo. Ta biyu ya isa bakin gaɓa ya ji iska ta sauya ta yi sanyi tana ƙamshin ƙasa, ya tuna maganar kaka, amma sai ya jiyo kukan akuyar daga tsallake. Ta uku yana tsakiyar yashi ya ga ɗan siririn ruwa kamar igiya yana biyo ƙafarsa da kumfa a kai, ya ce ai wannan ko idon sawu bai kai ba. Lokacin da suka faɗi wannan a gaban aji wata yarinya ta miƙe tsaye ta ce kai Iro koma mana! Ta manta labari ne. Mararraban nan su ne cikin labarin, su ne ke mayar da layi huɗu ya zama shafi biyu ba tare da ciko ba, kuma su ne ke koya wa yaro cewa wahala ba ta faɗowa daga sama, takawa ake yi zuwa gare ta kaɗan kaɗan, kuma har a taki na uku ana iya juyawa.

Maganar ƙarshe kuwa, ni ba na yarda a kashe jarumi, musamman ƴan CE da CM, wato aji uku zuwa shida. Ba don mutuwa ba gaskiya ba ce, a'a, don ita ce hanya mafi sauƙi, tana rufe labari ba a koyi yadda ake fita ba. Ina ce masu dole ya tsira, amma ba da tsafi ba, ba aljani ya ɗauke shi ba, da abin da yaro na gaske zai iya yi ko abin da mutanen kirki za su yi masa. A nan ne kike shigar da ilimin ceto ba tare da wa'azi ba: abokinsa ba ya faɗawa ruwa ya bi shi don su biyun za su tafi, ihu zai yi ya kira manya, ya kwanta a gaɓa ya miƙa doguwar sanda ko igiya ko zane, ko ya jefa masa bido mai lita 20 wanda babu komi ciki an rufe bakinsa, a kira ƴan pompiye, masu kashe gobara da ceto, a lamba 18. Kuma jarumin ya biya wani abu daidai laifinsa. Iro ya rasa takalmi, ya kwana tsallake a bukkar mai garka, innarsa ta kwana tana yawo da fitila unguwa unguwa har muryarta ta dishe. Yaran da kansu suka ce wannan ya fi bulala ciwo.

Sannan ya koma gida ya faɗi gaskiya, wannan wurin kada ki bari su tsallake shi. Kang Lee, malami a jami'ar Toronto, shi da abokansa sun yi wani gwaji da aka buga a 2014 da yara ƴan shekara 3 zuwa 7, a bar yaro shi kaɗai a ce kada ya leƙa wani abin wasa, a dawo a ba shi labari sannan a tambaye shi ko ya leƙa. Labaran da maƙaryaci ya gamu da azaba ba su ƙara sa yaran faɗin gaskiya ba. Wanda ya yi tasiri shi ne na yaron da ya amsa laifinsa ubansa ya yaba masa. Gwajin nasu kan ƙarya ne, amma abin da na gani a aji bai saɓa da shi ba, tsoro zalla ɓoyewa yake koya wa yaro. Ki tuna Iro tsoron bulala ne ya kai shi gulbi tun farko, in labarin ya ƙare da bulala to mai saurare abin da zai ɗauka shi ne gobe in ɓoye da kyau. Bari su tsara yadda innar ta karɓe shi, ko ta yi faɗa ko ta yi kuka, su suka san uwayensu.

Sai bayan duk wannan ake ɗaukar kaye. Kafin rubutu kowane rukuni ya faɗi labarinsa da baki, da Hausa, sauran su yi masu tambayoyi, kuma yara ba su da sassauci, za ki ji wani ya ce to ina akuyar ta shiga kun manta da ita. Tsarin ma a zane nake sa su fara yi, akwati shida ko bakwai a shafi guda, hoto da kalma biyu uku a ƙarƙashi. In darasin na Faransanci ne to a juya daga baya, amma tunanin a yi shi da harshen da yaro ke mafarki da shi, in ba haka ba kalmomin da ya sani ne za su zaɓa masa labari, shi ya sa kike ganin layi huɗu. Tun Maris 2025 ma Hausa ce harshen ƙasa a dokar Nijar, ba abin jin nauyi ba ne yaro ya rubuta da ita, ki koya masu ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a hanya. Jan bik kuwa ki ajiye shi a rubutun farko, kuskuren harafi yana da ranarsa.

Abu biyu zan ja kunnenki a kai. In haɗarin mutum ne, kamar mai yaudarar yara, ki lura kada su manna shi a kan wata ƙabila ko mai taɓin hankali ko almajiri ko naƙasasshe, yara suna kwaso wannan a titi ba su san nauyinsa ba. Ki ce masu mugu a labari da abin da ya yi ake gane shi, ya ce zo in ba ki kuɗi kada ki gaya wa kowa, ko da kuwa fes yake da shadda. Na biyun ya fi nauyi. Ƴan mata masu talla sukan kawo labarin da in kin saurara da kyau za ki ji ba ƙirƙira ba ce, sunan kawai aka sauya, wani ya ce ta shigo zaure ta karɓi kuɗin, ya tura ƙofa. In kika ji irin wannan kada ki sa ta karanta a gaban aji, kada ki titsiye ta da tambaya a nan. Ki nemi lokaci ku biyu, ki saurara da sanyin murya, ki nuna mata ba laifinta ba ne, sannan ki kai maganar ga dirakta da waɗanda ya kamata cikin sirri. Ya taɓa faruwa da ni, kuma da ba don labarin ba da yarinyar ba ta buɗe baki ba.

Batun lokaci, ni Mayu zuwa farkon Yuni nake ajiye wannan aikin, gab da hutu. Damina na shigowa lakwal ta rufe, Yuli da Agusta yaran suna waje kududdufai sun cika gulbi ya kawo, ke kuma ba kya ganinsu sai Oktoba. Ki sa kowa ya kwafe labarin rukuninsu da kyau ya tafi da shi gida, sharaɗi ɗaya ne, ya ba ƙannensa shi da dare bayan isha'i, kaka tana zaune don ta gyara masa inda ya yi kuskure. In kin gwada ranar farko ta zanen ƙasa, ki rubuto mini wuraren da yaranki suka aza wa tsakuwa, sai mu duba tare wanne ya kamata ki fara da shi.